Daren da Numfashina Ya Rufe Mini Ido

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya riƙe ni har na tsaya gabanku yau. Ku ce Amin da ƙarfi, don labarin nan ba na raɗa ba ne!

Sunana Ishaya. Duk wanda ya daɗe a Matameye ya san ni a kan babur, kabu-kabu nake yi tun kafin furfurar nan ta kama ni. Abin da zan faɗa ya faru a shekarar farin nan, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa. Manyanmu kun tuna ta. Rumbuna sun bushe har ɓera ya yi ƙaura. Lokacin damina ya yi, sama kuwa fes kamar an share ta. Mu muna azumi muna durƙuso a ɗakin nan, maƙwabtanmu Musulmi suna fita bayan gari roƙon ruwa. Bakin kowa abu ɗaya yake faɗi.

Ina da wata hular kwano ta gwanjo, saboda jandarmomi ba sa wasa da mu a hanya. Maƙalin gilashin gabanta ya karye. Da na ɗan ja wuta sai iska ta ɗage shi, yashi ya cika mini ido. Sai na yanko robar tsohuwar taya na ɗaure shi tam, ko da ƙarfi ba ya ɗaguwa. Har alfahari nake da dabarata. Dabarar mutumin da ya manta ana ruwa a duniya!

Matata Saratu ta je ƙauyensu wajen Tsauni da 'yarmu Rifkatu, lokacin tana goye. Sai aka aiko mini cewa yarinya ba lafiya, gudawa da amai. Na isa bayan magariba. Na dubi yarinyar. Idanu sun faɗa, maɗigar kanta ta lotsa, ko kuka ba ta iya yi. Surukata ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, ku tafi likita yanzun nan. Yarinyar nan ba ta kai safiya a haka."

Saratu ta goya ta, ta hau bayana, muka kama hanyar Matameye.

Ba mu yi nisa ba iska ta juya. Na ji ƙamshin ƙasa. Kafin in ce wani abu, sama ta tsage! Ruwan da muka yi watanni muna kuka a kansa, ga shi ya zo, kuma da ƙarfinsa ya zo. Daga ƙauyukan gefen hanya kana jin mata suna guɗa cikin duhu.

Ni kuwa na makance. Waje ruwa yana dukan gilashi, ciki hucin bakina ya taru ya yi fari fat. Na goge da hannun riga, a banza, don tururin daga ciki yake, kuma ni na ɗaure gilashin da hannuna. Fitilar babur ta koma wani farin abu mai yawo, ban san hanya ba, ban san gona ba. Na tsaya na cire hular, muka ci gaba. Ruwa ya dinga dukan idanuna kamar ana watsa mini tsakuwa, ko buɗe su ban iya ba. Na mayar da hular. Tayar gaba ta faɗa rami, saura kaɗan mu kife mu uku.

'Yan'uwa, in na tsaya, yarinya za ta mutu a bayan uwarta. In na tafi a makance, zan kashe mu duka. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ɗaga murya cikin hular nan na ce, "Ya Ubangiji, ka tsayar da ruwan nan!"

Sai na ji duka a bayana, tim! Saratu ce.

Ta ce, "Maigida, kul! Ƙasa duka tana kuka, kai za ka ce a tsayar? Ba ruwa ne damuwarka ba, ido ne. Roƙi ido!"

Matar nan da 'yarta ke mutuwa a bayanta, ita ce ta ƙi a taɓa ruwan mutane. Sai ta kama addu'a da ƙarfi a kunnena: "Yesu, kai da ka buɗe idon makafi, buɗe na mijina! Ka bar mana ruwanka, ka bar mana 'yarmu, duka biyun ba su fi ƙarfinka ba!" Na ce Amin ina kuka. Ina tura babur da ƙafa, ina cewa Amin.

Ba ta rufe baki ba na hango wani ɗan haske yana motsi ƙasa-ƙasa. Na nufe shi. Ashe mutum ne tsugune a bakin gonarsa da tocila, yana tona ƙasa da hannu ya ga inda lema ta kai, ko gobe za a yi shuka. Wa zai fito gona a irin wannan dare in ba wanda fari ya gasa ba?

Ya haska mu ya ce, "Subhanallahi! Bawan Allah, ina za ka da iyali cikin wannan?"

Na ce, "Likita, Malam. Yarinya ce. Amma ba na gani."

Ya dubi hulata, ya taɓa robar, ya girgiza kai. Ya ce, "Kai, wa ya yi maka wannan ɗaurin? Ni rani duka acaba nake yi a kudancin Najeriya, can ruwa ba ya jin kunyar kowa. Jira ni."

Ya ruga bukkarsa ya dawo da wuƙa da ɗan guntun sabulu. Ya yanke robar. Ya shafa sabulun a cikin gilashin, ya goge da bakin rigarsa har ya yi ƙal. Sannan ya karyo ɗan kara ya tokare gilashin daga ƙasa, ya bar ƙofa kamar faɗin yatsa. Ya ce, "Nan hucinka zai fita. Ka rufe baki, ka shaƙa ta hanci, kada ka yi gudu. Ku je, Allah ya ba ta lafiya."

Na mayar da hula. Halleluya! Na ga hanya! Na ga ramuka, na ga inda ruwa ya ci gefe, na ga har kwaɗi suna tsallakawa. Ruwa bai ragu ko kaɗan ba, yana zuba yadda yake so, ni kuma ina gani. Muka shigo Matameye Saratu tana waƙar yabo a bayana, haƙoranta suna kaɗawa don sanyi.

A likita aka sa wa Rifkatu ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar jinya ta dube mu ta ce da mun ƙara jinkiri, da sai dai haƙuri. Gari na wayewa yarinya ta buɗe ido, ta nemi nono. Na fita waje na tarar gari ya watse, kowa ya ɗauki iri ya nufi gona. Na durƙusa cikin taɓo na yi ta kuka, ban damu da wanda ke kallona ba.

Mutumin nan mai tocila ban san sunansa ba har yau. Amma na san wanda ya tsugunar da shi a bakin hanyata.

Rifkatu, tashi su gan ki. Kun gan ta? Ita ce ta ja muku waƙa ɗazu. Wannan muryar da ta cika ɗakin nan, ita ce wadda a daren nan ko kuka ba ta iya yi!

Na gode wa Yesu, na kuma gode masa. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana cikin duhu yau kuma ba ka ganin gabanka, kada ka yanke ƙauna. Kira shi, yana ji, kuma yana da bayinsa a inda ba ka zata ba. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin!