Hatimin da Ke Ƙarƙashin Takarda

GULCEHRA: Alo? Munisa, ke ce?

MUNISA: Ni ce, Yaya. Ina wuni? Ya Tashkent?

GULCEHRA: Lafiya lau. Ya Bukhara, ya zafi? Ɗaga murya, kamar daga rijiya kike magana.

MUNISA: Ya gwiwar taki? Ya shirin biki?

GULCEHRA: Gwiwa sai haƙuri. An sayi shinkafa da karas, mai dafa abincin maza ne ke ta yanga. 'Yarki Nigina, amaryar, ta taho tun safe a jirgin ƙasa ta karɓi littafin Kaka. An gama gyaran?

MUNISA: An gama. Ya maigidan?

GULCEHRA: Yana lafiya. Munisa, ke ba mai doguwar gaisuwa ba ce. Me ya faru? Mai gyaran, Usto Nasrullo, ya ɓata shi?

MUNISA: A'a. Ya sake ɗinkin, ya mayar da bangon fatar nan ja, bai datse gefen takarda ko ɗaya ba. Amma kin tuna shafin farko, inda aka manna 'yar takarda kusa da adon zinariya?

GULCEHRA: Inda Inna ta ce asu ne ya ci?

MUNISA: Ba asu ba ne. Ya ɗaga takardar, akwai hatimi a ƙasa.

GULCEHRA: To sai me? Littafin cike yake da hatiman waɗanda suka riƙe shi kafin mu.

MUNISA: Wannan na waƙafi ne. Wata mata ce ta ba wata makaranta shi saboda Allah. Ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. Wanda ya fitar da shi kuma...

GULCEHRA: Alo? Wanda ya fitar da shi me?

MUNISA: Allah ya isa, Yaya. Haka ta sa aka rubuta.

GULCEHRA: Inna lillahi! Amma ai Kaka ba ɓarawo ba ne. Zamanin da ake rufe makarantu ana ƙona littattafai ne, a cikin tanderun gurasa ya ɓoye shi. Ba don shi ba da toka ce!

MUNISA: Na gaya wa kaina haka. Amma an daɗe da daina ƙonawa, mu kuma muna ta sa shi a akwatin amare.

GULCEHRA: Ai ba mu sani ba! Wa ya iya karanta tsohon rubutun nan na haruffan Larabci, ni ko ke? Sumbata kawai muke yi mu naɗe.

MUNISA: Ni jiya na sani. Na ce wa Usto ya mayar da takardar, ya ƙi. Ya miƙo mini ita a tafin hannu, ko shayinsa bai ƙara zuba mini ba.

GULCEHRA: Tsoho mai taurin kai. To, tunda Allah ya tona, ba zan kai 'yata gidan miji da Allah-ya-isa a akwati ba. A mayar. Wace makaranta ce?

MUNISA: Ban bari ya kai wurin sunan ba. Na rufe littafin a kan yatsansa.

GULCEHRA: Sai ki koma ya karanta mana.

MUNISA: Yaya... da na dawo gida na dama fulawa, na manna takardar da kaina.

GULCEHRA: Ke? Ke da ko maɓalli ba ki iya ɗinkawa ba?

MUNISA: Ruwa ya yi yawa. Tawadar ta narke. Na sa yatsa in tsane, na ƙara shafe ta. Sunan makarantar, sunan matar, babu ko ɗaya. Hatimin ya tsira daga wuta, bai tsira daga hannuna ba.

GULCEHRA: Haba Munisa! Haba!

MUNISA: Na wanke hannu da sabulu har da toka, babban yatsana baƙi ƙirin.

GULCEHRA: Saurara. Usto ya gani da idonsa, ƙila ya riƙe sunan. Ki je.

MUNISA: Da wace fuska?

GULCEHRA: Da wadda kika dama fulawar! Nigina kuwa, ki ce mata ba a gama gyara ba. Kada ki ɓata wa yarinya biki.

MUNISA: Ana buga ƙofa. Ita ce, ina jin dariyarta.

GULCEHRA: Ki sa hannun a aljihu! Kin ji ni?

MUNISA: Ita ta iya tsohon rubutun, Yaya, a jami'a ta koya. Da na jira kwana ɗaya, da ita za ta karanta mana.

GULCEHRA: Munisa, na ce ki ɓoye...

MUNISA: Rigar ba ta da aljihu. Bari in buɗe mata.