Sunan da Aka Canza

A tashar bas ta Plovdiv, rediyon mai kofi ya sako tsohuwar waƙar 'yan jitar nan, wadda saurayi ke tsine wa Nevena don ta yaudare shi. Wata mace ta yi tsaki, ta dubi mai furfuran da ke gefenta.

"Bawan Allah, sunana Nevena. Tun ina sakandare ake tsokanata da waƙar nan. Har ranar aurena sai da aka saka ta."

"Yaro ne ya rubuta ta, baiwar Allah. Zafin soyayya ne."

"To ita Nevenar tasa fa, yaya ta ƙare?"

"Lafiya lau. Ai sunanta Radka. Ban so a dame ta ba, sai na canza."

"Ka canza?"

Ya sunkuyar da kai, yana ta juya kofin da babu komai a ciki.