Ƙafa Huɗu Gida Bakwai

A rumfar wani mai tsire a unguwar Briqueterie, Siddiƙ, malamin darasin ƙarin lissafi a jami'a, yana jiran a naɗe masa nama. Gobe za a rufe ajinsa in takardun ra'ayin ɗalibai ba su dawo ba.

"Alhaji, takardar nan da kake naɗe min tsire, ina ka samo ta?"

"Ɗiyata Adawiyya ce ta tattaro na 'yan ajinsu, wai a faɗa ko darasin ƙari yana da amfani. Na ce ba mai mayarwa sai na gwada ta. Da Babbar Sallah na ce ta raba mana saniya gida bakwai."

"To, ta raba?"

"Ina! Cewa ta yi mu ɗauka sunan saniyar x. Saniyar da na yi wata huɗu ina kiranta Gwaggo! Shafi uku ta cika, ƙudaje na ta walima. Ƙarshe wai kowane gida zai sami huɗu bisa bakwai na ƙafa."

"Ai daidai ne, Alhaji."

"Kai ma ɗan ajinsu ne? Ranar da na ga malamin nan, jela zan miƙa masa ya raba."

Siddiƙ ya dubi takardar. Man tsiren ya ɗiga daidai cikin akwatin « très bien », wato na masu cewa darasin ya yi kyau ƙwarai.

"Takardun saura nawa?"

"Talatin."

"Naɗe min tsinke talatin, kowanne da takardarsa. Don Allah kada ka tsane man."