Gwangwanin Madara a Ƙofar Majami'a

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya mayar mini da numfashina. Ku ce Amin!

A da ni nake ɗaga waƙa a majami'ar nan, ana jin muryata har bakin tashar jirgi. Yanzu baiti ɗaya nake yi in zauna. A da hannuwan nan suna ɗaure ƙarfen reluwe, yau ga su kamar ɓawon itace. Amma ina tsaye a gabanku, kuma akwai wanda muka tafi tare da ba ya tsaye. Saboda haka ku yi haƙuri idan kun ji zafi a bakina. Zafin bai gama fita ba.

Aikin reluwe ya kai ni wurare. Na zauna a Inugu da Fatakwal da Legas, na leƙa Duwala, na yi ciniki a Maraɗi. Ina jin Yarbanci da Fulatanci da Turancin kasuwa, da Faransanci daidai na sayen abinci. Da jirgi ya daina zuwa Kaura yadda ya saba, sai na buɗe ɗan shagon kayan gyaran injin niƙa. Aka ba mu sabuwar jiha ta Zamfara, muka yi murna. Da aka kawo Shari'a, yawancin masu sayen kayana, mutanen Kudu, suka tsorata suka kwashe iyalansu. Maƙwabtana Musulmi ba su taɓa ni ba, in faɗi gaskiya. Kasuwa ce kawai ta mutu a hannuna.

A lokacin ne Dauda mai kwangila ya zo. Ɗan ikilisiyar nan ne, a gabana aka yi masa baftisma. Ya ce bututun mai ya fashe can Kudu cikin ruwa, ana neman masu kwashewa. Ni ya ce zan zama tafinta. Na tafi, da abokina Ishaya, manomi daga Banga, da waɗansu daga wajen Shinkafi da Zurmi.

Kada ku ɗauka man nan irin na tankin babur ne. Baƙi ne, mai kauri, warinsa yana hawa kai kafin ka iso gaɓa. Muna shiga har cinya da gajeren wando, da bokiti da shebur. Akwai kuma wani farin ruwa cikin shuɗayen durom, an kankare rubutun jikinsu, ana ba mu muna fesawa a kan man. Iska ta juyo, ya dawo mana a fuska.

Na taɓa ganin irin aikin nan a tashar jiragen ruwa ta Duwala. Can ma'aikata suna sa rigar roba daga wuya har ƙafa, da safar hannu, da abin rufe hanci. Sai na sami Dauda a inuwa, na ce, "Ɗana, ina kayan da za mu sa, irin na ma'aikatan Duwala?"

Ya yi dariya. "Haba Baba! Ku da kuka saba da ranar Zamfara? Waɗancan ragwaye ne. Ga madara nan, ita ka wanke ƙirji."

Kowace yamma sai a miƙa wa kowa gwangwanin madara. Muka yarda! Me zai hana mu yarda? A gida in yaro ya sha kalanzir, madara ake ɗura masa. In akuya ta ci wani abu, nono ko manja ake nema. Da fura da nono aka raine mu. Dauda ya san haka sarai, shi ya sa bai ɗauki mutanen wurin ba, ya zo har Kaura. Man da ya manne a jiki kuwa, da kalanzir da yashi muke dirzawa, muna ƙara wa fata wuta a kan wuta.

Wata tsohuwa mai kamun kifi ta tsayar da kwalekwalenta tana kallonmu. Ta ce mini da Turancin kasuwa, "Mu da aka haifa a ruwan nan ba mu shiga. Daga ina aka kwaso ku?" Da na fassara wa Ishaya, sai ya ce, "Gaya mata mu muna da magani," ya ɗaga gwangwaninsa. Har yau ina ganin wannan hannun a sama.

Ciwon kai ya fara, sai jiri, sai ido ya yi ja. Fata ta soma saɓulewa. Tari ya kama mu duka. Da aikin ya ƙare aka zuba mu a mota kamar buhunan gero.

Ishaya bai ga girbin dawarsa ba. Ya rasu yana neman iska a ɗakin da ƙofa da taga suke buɗe. Dauda bai zo gaisuwa ba. Ya aiko da katan ɗin madara. Katan ɗin madara, jama'a, ga gwauruwa!

Ni kuma na kwanta. Matata Rifkatu ta yi ta sayen nono wurin wata Bafulatana mai zuwa daga Kasuwar Daji, tana ba ni safe da yamma, domin ita ma abin da ta sani ke nan. Ina sha, ina tari, ina tsine wa Dauda. Ba zan ɓoye muku ba, addu'ata a kwanakin nan guda ce: Allah ya sa Dauda ya shaƙe yadda Ishaya ya shaƙe.

Wata rana da azahar, ana kiran salla a masallacin unguwa, numfashina ya tsaya a maƙogwaro. Rifkatu ta riƙe kaina, ta ce, "Maigida, ɗan numfashin da ya rage maka, da zagi za ka ƙarar da shi? Ka roƙi abin da za ka yi da shi mana!"

Maganar ta shige ni. Na ce a zuciyata, domin baki ya ƙi, "Yesu, ka ba ni iska. Ba don na isa ba. Ka ba ni in tsaya a hanyar mutumin nan kada ya sake kwasar wani." Sai ƙirjina ya buɗe kaɗan, kamar an sassauta igiya. Halleluya!

A ranar maƙwabcina Malam Sani ya shigo, ya dube ni, ya ce, "Wanga ba ciwon nono ba ne, dattijo. Tashi mu tahi." Shi ya nemo mota, ya raka mu asibiti a Gusau. Likita ya tambayi aikin da na yi, na gaya masa, har da madarar. Ya ajiye abin rubutunsa ya ce madara abinci ce, ba ta zuwa huhu, ba ta wanke komai. Abin da na shaƙa da wanda ya ratsa fatata ya riga ya yi ɓarna, sai dai a ceci abin da ya saura. Na daɗe a gadon nan. Allah ya yi amfani da hannunsu, na taka da ƙafata na dawo.

To, ranar godiyar kaka, ina shiga majami'a, wa zan gani a kujerar gaba? Dauda, cikin farar babbar riga, ya kawo kyautar kwanon rufi. Ana ta tafa masa. Bayan sujada na ga samarinmu sun kewaye shi, wata motar tana jira a tasha za ta kwashe su zuwa wancan aikin. A cikinsu har da Markus, ɗan Ishaya na fari, wanda bai daɗe da aure ba, gonar ubansa ba ta ba shi komai ba a shekarar.

Na juya. Na tafi wurin makanikai na ɗebo baƙin mai a bokiti, na sayi gwangwanin madara, na dawo na dire su a ƙofar majami'a.

Na ce, "Dauda, naɗe hannun rigarka. Tsoma hannunka nan zuwa gwiwar hannu, ka sunkuya ka shaƙa. In ka gama ga madara, ni na saya maka."

Ya ce, "Baba, mi ya kawo wannan a gidan Allah?"

"Kai ka kawo shi. Wannan ma na injin mota ne, bai kai rabin wancan ba. Tsoma!"

"Tsufa ya fara taɓa ka, Baba."

"Awo, ya taɓa ni. Ishaya fa, mi ya taɓa shi?"

Ya tattare rigarsa ya ja da baya, kada ko ɗigo ya same ta. Kowa ya gani. Na buɗe tafin hannuwana a gaban Markus. Ya dubi hannuwana, ya dubi rigar Dauda, ya sauke jakarsa daga kafaɗa. Sauran suka bi shi. Motar nan wayam ta bar Kaura.

Fasto ya ce in yafe wa Dauda. Ina ƙoƙari. Na daina roƙa masa mutuwa, amma ban kai ga ba shi hannu ba tukuna. Ku sa ni a addu'a.

Na gode wa Yesu da ya ji kukan mai fushi. Ku dogara gare shi ko talauci ya matse ku, kada yunwa ta sa ku miƙa ƙirjinku ga mai gwangwani. Duk aikin da mai shi ba zai tsoma hannunsa ba, ku tambayi dalili.

Markus yana noma a Banga, 'ya'yansa suna ganinsa kowace safiya. Tun daga ranar nan ba a sake ɗaukar ko mutum ɗaya daga ikilisiyar nan zuwa wancan aikin ba. Yabo ya tabbata ga Ubangiji. Amin.