Ana Cinye Mana Darbejiya da Sunan Asuwaki

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kuna lafiya. Sunana Sabi'u, ina aiki a wani kamfanin fata a Challawa.

Ni da abokan aikina ne muka kwashe bolar da ke gefen tashar jirgin ƙasa, muka dasa darbejiya don masu jira su samu inuwa. Ba wanda ya sa mu. In mun tashi aiki, duk gajiyarmu sai mun ɗebo ruwa a jarka mun ba su.

To Malam, yanzu duk mai wucewa aiki da safe sai ya karyi reshe ya yi asuwaki. Bishiyoyin da ko ƙuguna ba su kai ba sun koma sanduna. Jiya na tarar da wani dattijo yana karya. Na ce, "Baba, ku bari ta girma mana." Ya ce, "Ɗana, ba don Allah kuka dasa ba? Ai lada nake sama muku."

Masu sauraro, yaya za mu yi? Ladan muna so, amma wallahi inuwa muka dasa, ba asuwaki ba.