Gwangwanin Garin Kuka da Na Aika wa Matata

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Ubangijinmu, 'yan'uwana na zumuntar Juma'a, ku da kuka koyi raira waƙa ƙasa-ƙasa da tafi da yatsu biyu saboda maƙwabta. Salama ta tabbata a gare ku.

Baba Dattijo, jagoran zumuntarmu, ya ce in rubuta shaidata, domin ranar da abin ya faru, yawancinku kun ga ƙato ya zube a tsakiyar falo ne kawai, ba ku san dalili ba. Wasu sun ce Ruhu ne ya sauko. Wasu sun ce gwiwa ce ta ƙi. Duka ɓangarorin biyu sun ci jarrabawa.

Waɗanda suka zo Jidda kwanan nan sun san ni da Malam Bitrus, mai koyar da motsa jiki da ɗan Turanci a wata makarantar 'ya'yan baƙi. To ba alli ne ya kawo ni ƙasar nan ba, ƙwallo ce. Lamba bakwai nake bugawa, ɗan wasan gefe, kuma baiwata ɗaya ce tak: gudu. Ban iya sa kai ba, ƙafar hagu kuwa don hawa mota kawai nake da ita. Amma in aka jefa min ƙwallo a gaba, ɗan baya sai dai ya karanta lambar rigata.

Ga zunubin farko. Lokacin da wani dillalin 'yan wasa ya ce akwai ƙaramin kulob a Saudiyya da ke neman mai gudu, shekaruna ashirin da bakwai, na gama kwalejin horar da malamai tuntuni, har na koyar a garinmu a kudancin Kaduna. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, a wannan shekarun ko kyauta ba mai ɗaukar lamba bakwai. Daga yau kai ɗan ashirin da ɗaya ne."

Aka yi fasfo. A cikinmu 'yan wasa ba ma kiran wannan ƙarya, muna cewa shekarun ƙwallo, sai ka ce wata kalanda ce ta daban da Allah ya manta bai saukar ba. Bisa ga takarduna, na shiga aji ɗaya na firamare a shekarar da aka haife ni. Mahaifiyata ba ta taɓa ba ni labarin wannan hazaƙar ba.

Ku yi min haƙuri in yi ɗan darasi, hali ne. Mai tsaron gida yana iya tsufa a raga. Ɗan tsakiya mai wayo yana iya tafiya a hankali ya bar ƙwallo ta yi masa gudu. Amma mai gudu, jarinsa gwiwa ce. Kowane birki, kowace juyawa, kowace ƙafa da aka sa masa, daga guringuntsin gwiwa ake cira, kuma ba a mayarwa. Wani Ba'amurke da muke koyarwa tare ya taɓa yi min bayanin wasan ƙasarsu, wanda ake ɗaukar ƙwallo da hannu amma ake kiransa ƙwallon ƙafa. Ban nemi jin dalili ba. Ya ce akwai wanda aikinsa kawai a danƙa masa ƙwallo ya ruga cikin ƙattai, kuma kusan duk gudun da zai yi a ƙasa yake ƙarewa da mutum biyu ko uku a kansa. Ya ce shi ne ya fi kowa saurin ƙarewa. Tun yana makaranta ake dukansa, kafin ya zama ƙwararre ya riga ya cinye rabin jikinsa. Mai jefa ƙwallo har furfura yana yi a fili, shi kuwa kafin ya cika talatin an fara neman wanda zai gaje shi. Ba wai ya daina iya gudu ba ne. Rabin taku kawai ya rage masa, kuma ga sabbin yara a layi masu araha da gwiwa ɗanya. Mutumin yana magana yana dariya, ni kuwa ina jin kamar tarihina yake karantawa.

Rabin takun nan shi ne komai, 'yan'uwa. Don kada a gane ya ɓace, mai gudu zai ɓoye kowane ciwo.

A kulob ɗinmu akwai wani dattijo mai yi mana tausa, Ammu Haruna, Bahaushe haifaffen unguwar Karantina a nan Jidda, Musulmi mai tsoron Allah. Hannunsa ya fi na'urar asibiti gani. A shekarata ta biyu ya kama gwiwata ta dama, ya latsa, ya ɗago kai.

"Ya kabtin, iƙamarka, takardar zamanka a ƙasa, ta ce ashirin da uku. Gwiwar nan kuwa, wallahi, ta girmi iƙamar. Wa zan gaskata?"

Na ce, "Ammu, ka gaskata hukuma."

"Hukuma ba ta gudu da ita. Halas, magana ta ƙare, ka zauna wata biyu."

"In na zauna wata biyu, su kawo wani."

"Za su kawo wani ko ka zauna ko ka tsaya, ya waladi, ɗana. Bambancin kawai, da ƙafa za ka tafi ko da sanda."

Ban ji ba. Likitan kulob yana duban takarda yana cewa matashi ne, zai warke da wuri. Ni na san ba matashi ba ne, amma faɗin haka daidai yake da tattara kayana. Sai allura kafin wasa. Da allura ta daina isa, sai ƙwaya bayan wasa. Daga nan sai ƙwaya kafin atisaye, sai ƙwaya don a iya sauka daga gado. Ranar da suka sallame ni, koci ya dafa kafaɗata ya ce abin tausayi ne yaro ɗan ashirin da biyar ya ƙare haka. Na kusa yi masa gyara.

Allah cikin jinƙansa ya buɗe min aikin makaranta, aka mayar da kafalata, wato izinin zamana ƙarƙashin mai ba ni aiki, can. Sun duba takardun kwaleji, sun duba fasfo, ba wanda ya yi lissafin ragi. Matata Rifkatu ta zo da 'yarmu Murna. Na zama mutumin kirki: mai karatun farko a zumunta, mai jera kujeru, mai gyara wa mutane nahawu ba tare da sun roƙa ba. Ƙwallo ta tafi, amma tiramol bai tafi ba. Yana cikin safa a ƙasan jakar wasanni. Gwiwa ta daina zama dalili tun da daɗewa, ta zama hujja kawai.

Akwai wani lungu a Karantina da nake samu. Da aka rushe unguwar, kowa yana jimamin gidajen mutane da shagunansu, Ammu Haruna kansa ya kwashe iyalinsa ya koma unguwar Mahjar. Ni kuwa, Allah ya gafarta min, lunguna nake jimami! Na yi ta maneji da abin da ya rage, ina raba ƙwaya biyu da wuƙa kamar mai raba goro.

A lokacin ne Maman Murna ta tafi gida duba mahaifiyarta, ita da yarinyar. Kun san al'adarmu: ba mai dawowa Jidda daga gida hannu rabbana. Daddawa, kuɓewa busasshiya, yaji, garin kuka, da saƙon wannan da saƙon wancan, kuma ba a buɗe saƙon mutane, rashin kunya ne. Na kira wani tsohon abokin wasana a Kano. Ya sayi ƙwayoyin, ya binne su a tsakiyar babban gwangwanin madara cike da garin kuka, ya liƙe murfin, ya kai mata a gidan gwaggonta a Sabon Gari, inda ta sauka kafin ranar jirgi, ya ce saƙo ne daga innata.

Ku da kuke zaune a ƙasar nan ba sai na gaya muku abin da ake yi wa wanda aka kama da irin wannan a filin jirgi ba. Na sani. Ni mai karatu ne, na sani sarai! Na gaya wa kaina cewa mace da yarinya ba a cika buɗe musu jaka ba. Da wannan jimla ɗaya na yi kwana huɗu.

Jirginsu ranar Juma'a ne da yamma. Da safen muna falon Baba Dattijo, an gama waƙa, sai ya ce, "Malam Bitrus, yau iyali suna hanya. Kai za ka yi mana addu'ar tafiya, tunda kai abin ya fi shafa."

Na miƙe. Addu'a ba ta taɓa ba ni wahala ba, ina da kalmomi. Na gode wa Allah domin hutu, na roƙa wa matuƙi hikima, na roƙa wa injin jirgi lafiya. Sai na ce, "Ya Uba, ka tsare baiwarka da 'yarta daga hannun mugu, ka tone duk wani tarko da aka ɗana musu a ɓoye."

Kuka ce, "Amin!"

Amin ɗin nan ita ta kashe ni. Mutum goma sha wani abu, da zuciya ɗaya, sun roƙi Allah ya tone ni, kuma ni na ba su kalmomin. Na buɗe baki in ci gaba, babu komai. Na ga Rifkatu a gaban teburin kwastan tana murmushi tana cewa kuka ce, ta miya ce. Na ga Murna riƙe da gefen zanenta. Ban ji wata murya daga sama ba, kada in ƙara gishiri. Abin da na sani kawai, na ji a fili cewa Yesu yana tsaye yana jiran in gama addu'ar da na fara, kuma ba da baki za a gama ta ba.

Gwiwar da ta shekara ba ta lanƙwasu ba, ranar ta kai ƙasa da kanta. Na ce, "Ubangiji, ni ne mugun. Ni ne!"

Mama Saratu ta ce, "A kawo masa ruwa, zafi ne." Baba Dattijo ya ce, "Ba ruwa yake nema ba." Ya ja ni kicin ya rufe ƙofa. Na gaya masa cikin jimla uku, mafi gajartar bayanin da na taɓa yi a rayuwata. Bai yi wa'azi ba. Ya ce, "Ɗana, ƙarfe nawa ne a Kano?" Na ce takwas da rabi. Ya ce, "To me kake jira? Yalla, maza kira matarka."

Ta ɗauka a bugu na biyu.

"Baban Murna, ba kuna sujada ba?"

"Maman Murna, gwangwanin kukar nan. Ki fitar da shi daga jaka."

"Na Inna? Ai na riga na ɗaure. Ka san wahalar da na sha kafin jakar nan ta rufu?"

"Ba daga Inna ba ne. Ki buɗe ki sa hannu har ƙasa."

Na ji ƙarar zif. Na ji murfi. Na ji ƙarar fakitin ƙwayoyi a hannunta. Da ta yi magana, muryarta a kwance take.

"Bitrus." Shekara goma ba ta kira sunana ba. "Da ni da 'yarka?"

Na ce, "I."

"Ka san abin da za su yi min?"

"Na sani."

Ta kashe wayar.

Ban san ko za ta hau jirgin ba. Na je filin jirgi duk da haka, na tsaya a wajen fitowa kamar ɗalibin da aka kora yana jiran hedimasta. Suka fito. An buɗe mata jakunkuna duka biyu, 'yan'uwa, duka biyu! Har daddawa sai da aka shinshina. Haleluya! Murna ta rugo ta rungume ni. Uwarta ta miƙo min keken kaya ta ce, "Tura." Kalmar da na samu ke nan a ranar, kuma ta fi ƙarfin abin da na cancanta.

Ba zan ce muku sha'awar ƙwaya ta ɗauke nan take ba. Wasu Allah yana yi musu haka, ni ta doguwar hanya ya bi da ni. Ammu Haruna na kira, don shi ya fara faɗa min gaskiya. Ya zo daga Mahjar da tsohuwar motarsa ya kai ni wurin likita. A hanya ya ce, "Ya kabtin, yau shekarunka nawa?" Na faɗa masa na gaskiya. Ya ce, "Alhamdulillah. Ka tsufa shekara shida a mota ɗaya, amma ka fi kyau." Likita ya ji komai, adadin da nake sha da shekarun da na ɓoye, ya tsara min yadda zan rage a hankali. Na yi makonni ina zufa, ina rawar sanyi a zafin Jidda, ina faɗa da kowa. Maza uku daga cikinku suka riƙa karɓa-karɓa suna zama da ni bayan aiki muna addu'a. Kun san kanku, Allah ma ya san ku.

Yau shekara ɗaya da wata biyar ban sa ƙwaya a bakina ba. Gwiwa tana nan da ciwonta, ina hawa bene kamar mai tunani a kowane mataki. Fasfo ma yana nan da ƙaryarsa, ina neman shawarar yadda za a gyara, ku sa ni a addu'a.

Maman Murna ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Sai dai tun daga ranar, miyar kuka ta ɓace daga gidanmu. Kuɓewa, taushe, alayyafo, kuɓewa kuma. Ban tambaya ba, ina da sauran hankali. Watan jiya na dawo daga makaranta, tun daga matakala na ji ƙanshi. Na tsaya a ƙofar kicin na kasa shiga. Ba ta juyo ba, tana kaɗa miya ta ce, "Baban Murna, ka wanke hannu. Ni da kaina na tankaɗe ta, babu komai a ciki sai kuka."

Na ci malmala uku, ina ci hawaye na zuba a kwano.

Na gode wa Yesu wanda ya amsa addu'ata a kaina kafin ta zama hukunci a kan matata. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da ka binne a ƙasan wani gwangwani, kana cewa ba a cika buɗewa ba, kada ka jira teburin kwastan. Ka kai wa Yesu da hannunka tun jirgi bai tashi ba. Ni na kai, kuma bai kashe min waya ba.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.