Maɓallan Rigar Razak

A bencin jiran likitar yara a wani asibiti a Kumasi, Hikima na ɗura wa ɗanta Alidu koko, don yatsunsa sun ƙi riƙe cokali. Matar da ke gefenta ta matso.

"'Yar'uwa, daina ba shi a baki. Bar shi ya ɓata rigar."

"Mma, ya isa shiga makaranta fa. Maƙwabta a unguwarmu ta Zongo har sun fara magana."

"Su yi ta yi. In za ki dafa wake, zuba masa a tire ya tsince miki tsakuwa, kina kallonsa. Ki ba shi kwaɓaɓɓiyar fulawa ya yi ta murzawa. Nawa ma haka yake. Da tsinkakkiyar tasbaha na koya masa zura zare."

"Ya samu sauƙi?"

"Razak? Har maɓalli yake sawa da kansa. Mun sha fama da maɓallin nan, ni da shi."

Hikima ta dubi ƙofar likita. "Yana ciki ne?"

"Yana can garin Tamale. Da muka rabu da babansa, cewa ya yi ba zai iya da yaron da sai an yi masa komai ba. Da ya ji labarin yaron ya iya, sai ga shi ya zo ɗaukarsa. Ranar ma Razak ne da kansa ya sa maɓallan rigarsa, bai tsallake ko ɗaya ba."

"To me kika zo yi nan, Mma?"

Matar ta danƙa wa Alidu cokalin, ta gyara masa yatsu.

"Nan kaɗai har yanzu ake kirana Maman Razak."